Sanƙirana da Arba'in ɗin Daso

Litinin, 13 ga Maris 2006, sha biyu da rabi na rana, cikin mota a fakin ɗin wurin aiki

Assalamu alaikum jama'ar Greensboro da kewaye, manya da ƙanana! Ina gaida alhazai da hajiyoyi, malamai da masu taksi, yan Wendover masu ɗaga katan, wato kwalayen kaya, irina, yan Sedgefield masu aske ciyawar filin golf suna gaya wa gida a ofis suke aiki, matan High Point Road masu kitso, da yaranmu da in kayi musu Hausa su mayar maka da Turanci. Ina gaida kai ma Younoussa abokin zamana, tunda nasan sai ka buɗe kayen nan, littafin rubutuna, in na shiga wanka. Ni ne naku Moctar ɗan Damagaram, Injiniya, wanda ya shiga ajin kwamfuta na yamma wata biyar kacal, yanzu malami baya gama magana sai ya juyo ya tambayeni. Tambayar itace ka gane kuwa, amma dai ni yake tambaya.

Rubutuna sai haƙuri. Bokon lakwal ɗin Faransanci nayi, shi ma ban daɗe ba.

Lafiyata lau. Naci shinkafa. Jiya ma shinkafa. Shinkafar dake firij ɗinmu zata kaimu azumi.

Ba zanyi maganar ranar Asabar ba.

Talata, 14 ga Maris, shida na safe

Bon. Zan faɗa sau ɗaya dan kar tarihi yayi min ƙarya.

Kakata Daso ta rasu a Zinder ran Lahadi biyar ga wata. Allah ya jiƙanta. Kawuna Alhaji Chaïbou, ɗanta na fari, wanda ya ɗaukoni a filin jirgi ya ajiyeni a falonsa wata takwas, bai samu zuwa ba. Maganar takardu ce, ita kuma ba'a rubuta ta a kaye. Abinda ya rage masa kawai shine sadakar bakwai anan, ya tara mutane ayi mata addu'a.

Wurin zaman makoki akace Lahadi bayan azahar a gidansa. Sai manajan gidajen yace motocinmu sun cika masa fakin, kar a sake. Akayi sauri aka samu sal, wato zauren taro na haya, a High Point Road, amma ran Asabar da safe kawai take babu kowa. To dole a sanar da mutum sittin da uku cewa rana ta canza, wuri ya canza. Anti Hajiya Saadatou matar Kawu ta ɗauko takardar lambobi zata fara buga waya kamar kullum. Sai wani mutum, ba zan faɗi sunansa ba, kyakkyawa ne dai dogo, yace Anti ajiye wayar nan, muna Amurka, danna ɗaya ya isa.

Dama na rubuta program mai haɗa imel ya aika wa kowa lokaci guda. Sanƙira nasa masa suna. Kowa yanada adireshi, wanda bashi dashi ɗansa nada, yaran ke karanta musu. Na danna ran Alhamis.

Ran Asabar kujera sittin na jera da hannuna. Mutum huɗu muka zauna, harda ni. Shinkafar da aka dafa wa jama'a ita ce ta cika firij ɗinmu.

Ran Lahadi bayan azahar motoci suka cika fakin ɗin Kawu, kowa da babbar riga.

Shi kenan na faɗa.

Laraba, 15 ga Maris, bakwai na yamma

Shinkafa.

Juma'a, 17 ga Maris, bayan masallaci

Na durƙusa na gaida Kawu a bakin ƙofa. Yace lafiya lau Moctar. Ya wuce.

Moctar fa. Tunda na fara ajin nan bai taɓa kirana da sunana ba, kullum Injiniya ne, ko Injiniyan katan in yana jin nishaɗi. Da ya zageni da yafi min sauƙi. Wallahi da ya mareni a gaban jama'a da na koma gida da waƙa.

Mutane kuma babu tausayi. Wani yace Injiniya yaushe za'a sake aiko mana da furanni? Nace wane furanni? Yace ai abinda ɗiyata ta nuna min kenan, Turanci layi uku, an gode da ta'aziyya, ga furanni ta ko'ina. Nace ina Hausar? Ina Faransancin? Yace wace Hausa? Na tambayi mutum bakwai, duka furanni suka gani.

Sai Laouali mai aiki a ofishin lodin manyan motoci, ɗaya cikin huɗun da suka zo, yace shi Hausa ya gani, tas, harda adireshin sal. Nace to ku ji! Shaida! Akace to sai ka yi sadakar da Laouali.

Anyi sanarwa, arba'in ran Asabar sha biyar ga Afrilu, a sal ɗin dai. Liman yace za'a sanar da kowa yadda ya kamata. Bai kalleni ba. Sahu uku suka kalleni a madadinsa.

Lahadi, 19 ga Maris, ukun rana

Tun safe nake gaban kwamfuta. Bari in bayyana wa jahilai, Younoussa ka matso.

Imel kamar falet ne a wurin aikinmu, katakon nan da ake jibga kaya a kai. Ɗaya ne in ka ganshi, amma katan katan ne a kai. Kowane katan da lambarsa a goshi mai cewa ni rubutu ne, ko ni hoto ne. Tsakanin katan da katan akwai layin iyaka. A can sama kuma ka faɗi wane irin falet ne. Ni da hannuna na rubuta duka, ban ɗauki kayan kowa ba.

Katan uku nayi. Na farko Hausa, na manya, da rana da wuri da komai. Na biyu Faransanci, shi ma da komai. Na uku Turanci, na abokan aikin Kawu Turawa da suka aiko da kati, godiya kawai, tunda Kawu yace ba sai an taso su da safe ba. Shi nayi wa ado da furanni dan su san mu ma mun waye. A sama na rubuta altanatif, wato kowa ya zaɓi nasa. Yaya za'ayi in sa Turanci gaban Hausa a sanarwar rasuwar kakata? Babba a gaba, ƙarami a baya, haka aka koya min.

Na buɗe baƙar tagar nan da program ke zuba abinda ya haɗa. Ga su nan duka uku, a jere, kamar yan makarantar boko. Na duba sau ashirin. Babu kuskure ko ɗaya.

Inaga kwamfutocin mutanenmu ne tsofaffi.

Talata, 21 ga Maris, sha biyu da rabi

Ba laifina bane. Na rubuta dan a sani.

Alhamis, 23 ga Maris, takwas saura na yamma

Akwai wata mata a makarantarmu, Anti Scholastica, mutuniyar Jos, ita ke kula da ɗakin kwamfutoci. Ta kai hamsin, tana jin Hausa fiye da ni. Naje mata kamar ina tambaya wa wani. Nace Anti wani abokina ne ya samu yar matsala.

Tace abokin naka shi ma Moctar sunansa? Gashi a saman fayil.

Ta sa tabarau ta karanta. Minti ɗaya bata cika ba tace, ka aika wa kanka kafin ka aika wa jama'a?

Nace Anti ai na gani a baƙar taga.

Tace ban tambayeka taga ba. Ka aika wa kanka?

Nace lokaci ne ya ƙure.

Tace altanatif ba kowa ya zaɓi nasa bane ɗana. Magana ɗaya ce cikin riga daban daban. Kai kace wa na'ura duka ukun abu guda ne, ta nuna ɗaya ta ɓoye sauran. Kuma doka tace wanda yafi daraja shi ake sawa a ƙarshe. Na ƙarshe take ɗauka in zata iya nuna shi.

Nace a ƙarshe? Babban?

Tace a ƙarshe.

Nace wane mara kunya ya rubuta wannan doka? Bashi da kaka ne?

Tayi dariya harda riƙe tebur. Nace to Laouali fa, ya akayi yaga Hausa? Tace wace irin kwamfuta yake da ita? Nace wata tsohuwa mai koren rubutu, ko hoto bata sani ba. Tace shi yasa. Bata iya furanni ba, sai ta ɗauko mara ado. Wato duk garin nan wanda na raina wa kwamfuta shi kaɗai ya samu saƙona.

Tace me aka sanar a ciki? Bata jira ba ta karanta Hausar. Sai ta daina dariya. Tace wacece Daso? Nace wata tsohuwa ce.

Tace Allah ya jiƙanta. Nace amin, na tattara takarduna.

Asabar, 25 ga Maris, goman safe

Younoussa ya karanta kayen nan, na sani, dan yau yana soya ƙwai yace ranka ya daɗe yau wa zai fara ci, babba ko ƙarami, ko sai mun tambayi na'ura? Na jefe shi da silifa. Ban same shi ba, na samu butar shayi.

Mun zubar da sauran shinkafar. Ta canza kala. Shi ya ɗauka ya kai bola, ni na kasa.

Laifina ne. Na rubuta da ƙaramin rubutu, wanda ya gani ya gani.

Talata, 28 ga Maris, shida da rabi na yamma

Na mayar wa Anti Saadatou tukwanenta, na wanke su har suna ƙyalli. Kawu na ɗaki, naji rediyonsa. Bai fito ba.

Nace Anti na gano matsalar, ƙaramar aba ce, kalma ɗaya. In na canza ta zuwa miks, wato a nuna duka, kowa zaiga komai. Wannan karon harda hoton Daso zan sa.

Tace Moctar zauna.

Tace kawunka yace kar ya sake jin sunan kwamfuta a maganar uwarsa. Tace kasan me yayi ran Asabar ɗin bayan kun tashi? Nace a'a. Tace gara da baka sani ba. Ta bani fura a kwano, tace sha. Na sha. Ban samu abin dariya ko ɗaya da zan faɗa ba, ni Moctar. A rubuta wannan rana.

Duk da haka zan gyara shi. Ko ba'a aika ba. In ban gyara ba har in mutu mai furanni za'a kirani.

Asabar, 1 ga Afrilu, biyun rana

Rubutu ya gyaru. Katan ɗaya nayi masa yanzu, Hausa a sama, Faransanci a tsakiya, Turanci a ƙasa, duka da rana da wuri. Babu fure ko ɗaya. Na aika wa kaina, eh Anti Scholastica, na aika wa kaina. Ya fito daidai.

Sai hoto. Hoto ɗaya gareni nata, wanda aka aiko min bara waccan, tana zaune kan tabarma bakin ƙofarta a unguwar Birni da ƙwarya a cinya, ta haɗe rai dan bata son mai hoto. Na juya shi zuwa haruffa yadda littafi yace, na sa shi katan na biyu, na manna masa lamba a goshi, ni hoto ne. Na aika.

Na buɗe. Babu Daso. Haruffa ne kawai, layi kan layi, shafi goma sha ɗaya, kamar kaji sun bi ta kan allo.

Ba komai. Ƙaramin abu ne. Kafin la'asar na gama.

Asabar ɗin dai, bayan la'asar

Haruffa.

Lahadi, 2 ga Afrilu, ban san ƙarfe nawa ba

Mutanen ƙasar nan sun sake tura agogo gaba da awa ɗaya. Ƙasar da babba ke zuwa ƙarshe, agogo ma a gaya masa ƙarfe nawa. Na canza layin iyaka sau shida. Na ƙara masa yan sanduna biyu a ƙarshe yadda akace. Na rubuta lambar da manyan baƙaƙe, na rubuta da ƙanana. Na kashe kwamfuta na kunna. Na yi mata magana da Faransanci.

Haruffa.

Garin furen bishiyoyin nan ya rufe motata, ta koma rawaya. Idona sai ruwa yake. Shi ne ba wani abu ba.

Laraba, 5 ga Afrilu, sha biyu da rabi, cikin mota

Yau na kusa kifar da falet ɗin injin wanki a layi na tara. Manaja yace Moctar ina hankalinka? Nace yana Zinder, jirginsa bai sauka ba.

Ita Daso, Ango take kirana. Tun ina yawo ba wando. In na shigo tace ga mijina mara kawo cefane, in ce ga matata mara haƙori, zan sake ki in auri yar Niamey. Tace wa zai kwashe ka, da kunnuwa kamar faifai. Duk surutun nan da kuke ji a bakina, a ƙofarta na koya. Ranar da zan taho tace Ango in ka samu Baturiya ka aiko min da hotonta in ga ko ta kaini kyau.

Tun babbar Sallah na sayi katin waya a shagon High Point Road dan in kira ta. Nace ran Lahadi. Lahadi tazo nace wata Lahadin, in na gama program in bata labari. Katin na cikin walat ɗina. Ban kankare shi ba.

Burek ya ƙare.

Alhamis, 6 ga Afrilu, takwas na yamma

Na koma wurin Anti Scholastica. Wannan karon bance abokina ba.

Ta duba tace, kasan akwai kayan aiki a shirye cikin yaren program ɗin nan mai haɗa maka duk wannan, ba sai ka rubuta da hannu ba? Nace na sani, ni bana son na gwangwani. Tace shi yasa ka kwana biyar da yunwa.

Ta ɗora yatsa kan gilashi. Tace nan. Lambar ta ƙare, hoto ya fara, ina layin da ke tsakani? Nace wane layi, ai babu abinda ya rage a rubuta. Tace shi nake nufi. Layi ɗaya wanda ba'a rubuta komai. Da shi take gane ka gama bayani kayan sun fara. Kai ka manne su, ita bata san inda bakinka ya tsaya ba.

Nace Anti kwana biyar. Akan babu komai.

Tace danna.

Na danna maɓalli sau ɗaya. Na aika. Na buɗe.

Ta fito daga sama a hankali, layin makarantar baya sauri. Ɗankwali. Goshi. Idon nan. Ƙwarya.

Anti Scholastica tace zata je duba firinta a ɗaya ɗakin. Firintar na nan gefenmu. Ta daɗe bata dawo ba, Allah ya saka mata.

Asabar, 8 ga Afrilu, sha ɗayan safe

Anti Saadatou ta kirani gidan. Na zata Kawu ne ya sauko. A'a. Takardar lambobi ce, shafi uku, rubutun bik, wato biro, ja da shuɗi, wasu an soke an sake.

Tace kai kace in ajiye waya, kai zaka ɗauka. Sittin da uku. Daga sama zaka fara, na jera su, kar ka tsallake babba ka kira ƙarami. Kuma ba saƙo zaka bari a na'ura ba, sai kaji murya.

Nace Anti mutum sittin da uku zasu wanke ni.

Tace da sabulu.

Nace to in na gama, in aika imel ɗin? Na gyara wallahi, na gwada a wurin Laouali da Younoussa da makaranta, duka ya fito. Ta kalli ƙofar ɗakin Kawu. Tace gama wayar tukuna.

Lahadi, 9 ga Afrilu, biyar na yamma

Na kira mutum sha huɗu. Kunnena yayi zafi kamar an gasa.

Ashe ba'a kiran mutum ace Asabar ƙarfe goma a ajiye. Sai an gaisa. Ya iyali, ya aiki, ya haƙuri. Sai yayi maka ta'aziyya, kayi masa godiya. Sai yace Injiniya ai mun ga furanni. Sai ka bada haƙuri. Sai ya baka matarsa ita ma ta faɗi nata. Minti ashirin mutum ɗaya. Sanƙira yayi sittin da uku cikin daƙiƙa huɗu, a tuna min da wannan in na mutu.

Wata Hajiya tace maimaita ranar. Na maimaita. Tace da Hausa ko da Turanci? Nace da Hausa Hajiya, na sake maimaitawa.

Talata, 11 ga Afrilu, bakwai da rabi na yamma

Na kai mutum arba'in da ɗaya.

Na samu Malam Abdulmuhaimin sai yau, tsohon nan mai sanda da ke zaune wurin ɗansa a Sedgefield. Sau huɗu ina kira, sau huɗu ina jin Turancin jikarsa a na'ura. Yana ɗauka yace kai ne jikan Daso mai fura ta Birni? Nace ni ne Baba. Yace shekara arba'in da suka wuce yana koyon ɗinki a layinku, in bashi da ko sisi sai ta zuba masa tace sha, fuskarka ce bana son gani da yunwa, muni take ƙarawa. Yace ran Lahadin nan ya sa rigar da bai sa ba tunda yazo ƙasar nan, ɗansa ya bar aiki ya kawo shi, suka tarar an gama tun jiya.

Yace bai zage ni ba. Yace kawai yana so in sani.

Nace Baba ni zanzo in ɗauke ka ran Asabar, tara da rabi. Yace a waya kake faɗa ko a kwamfuta? Nace a waya. Yace to na yarda.

Alhamis, 13 ga Afrilu, sha biyu da rabi

Sittin da uku. Muryata ta tafi, yau da hannu nake wa manaja magana, yace bai taɓa jin daɗin aiki dani irin yau ba.

Anti tace ta gaya wa Kawu maganar imel. Nace me yace? Tace bai ce komai ba. Nace wato a'a. Tace da a'a ne da ka ji shi daga Wendover.

Na karanta shi sau tara. Na yi bisimilla. Na danna.

Juma'a, 14 ga Afrilu, bayan masallaci

Babu wanda yace min ya gani. Babu wanda yace bai gani ba. Kujera sittin zan jera gobe. Younoussa yace jera talatin, in an cika a ƙaro. Nace sittin.

Asabar, 15 ga Afrilu, huɗu da rabi na yamma

Kujeru basu isa ba!

A rubuta da babban bik. Sai da muka aro ashirin a shagon kusa, yara a ƙasa, mata har bakin ƙofa. Motoci har gaban mai sayar da taya. Na ɗauko Malam Abdulmuhaimin tara da kwata, na same shi a tsaye bakin titi da rigar. Anti Scholastica ma tazo da ɗankwali, ta zauna cikin mata kamar yar gida. Shinkafa ko ƙwaya bata rage ba, na duba tukunya da kaina, sau biyu.

Da liman zai fara addu'a Kawu yace a dakata, yana so a kira Zinder, innata da sauran yan'uwa suji Fatiha da kunnensu. Ya ciro katinsa ya danna, muryar matar nan ta na'ura tace babu minti. Ya juya yana tambaya wa keda kati. Kowa na lalube aljihu.

Na tashi. Na ciro nawa. Ya lanƙwashe ya ɗauki siffar walat, amma azurfar bayan na nan ko ƙwarzane babu. Na miƙa masa da hannu biyu.

Ya juya shi. Akwai ranar da mai shago ya buga a jiki. Ya karanta. Ya ɗago ya kalleni, karo na farko tun wancan watan. Ya ciro makullin motarsa zai kankare, sai ya fasa, ya miƙo min duka biyun. Yace kai zaka kankare.

Na kankare. Layi ya shiga bugu ɗaya. Kawu ya ɗaga wayar sama, mutum tamanin suka shafa, daga can muna jin amin ɗin mata kamar daga cikin rijiya.

Da aka gama ina tattara kofuna, naji muryarsa daga can gaban sal, da ƙarfi yadda kowa zaiji. Yace ina Angon Daso? Zo ka raba nama, kai ne mai takaba, ka bar mutane na yi maka hidima!

Sal ta ɗauki dariya. Nace Kawu ai ta tafi bata bar min ko ƙwarya ba. Yace cefanen me ka taɓa kai mata?

Na raba naman. Daga baya na fita fakin na ɗan tsaya bayan motata. Garin furen nan ne, na gaya muku yana damun idona.

Lahadi, 16 ga Afrilu, goman safe

Firij babu komai. Younoussa na ƙorafi. Ni ko a jikina.

Abu ɗaya ya rage. Jiya na bi mutane ɗaya ɗaya ina tambaya, kun ga imel? Wannan yace ai ka kirani, me zan buɗe. Wancan yace ya hana ɗansa taɓawa dan kar furanni su sake ruɗa shi. Laouali yace ya gani, amma kwamfutarsa bata san hoto ba. Wato imel mafi kyau da aka taɓa haɗawa a jihar nan, katan biyu, lamba daidai, iyaka daidai, layin babu komai a mazauninsa, yana kwance cikin akwati sittin da uku babu wanda ya leƙa sai Laouali.

Dan haka jama'a, alhazai da hajiyoyi, da kai Younoussa da nasan kana tsaye bakin banɗaki kana karantawa, ina roƙonku dan girman Allah. Ku je ku buɗe. Tana ciki, kan tabarma, ta haɗe rai. Wanda ya gani ya aiko min da amsa, layi ɗaya ya isheni, yace Ango mun ga matarka. In da kilishin Zinder a gidanku ku haɗo dashi, amma shi a kawo da hannu, ban yarda da kowace na'ura akan nama ba.